Ranar da na riƙe usur a muhawarar kofin da ya ɓace

Usur ɗin ma aro na yi. Katin gargaɗi da jan kati kuwa daga kwali na yanko su na shafa musu launi, don na san mutanen da zan yi wa alƙalanci. Mu ashirin da bakwai ne a ƙungiyarmu ta masu son ƙwallo, kuma mun shafe makonni ana musu ɗaya ba ya ƙarewa: gasar African Football League, wadda aka buga sau ɗaya a 2023, shekarar 2024 ta zo ta wuce ba a sake jin ɗuriyarta a fili ba. A dawo da ita ko a bar ta ta bi ruwa? Da abin ya ishi kowa sai aka ce a zauna a yi ta ta ƙare, ni kuma aka ɗora mini alƙalanci saboda ba na goyon bayan ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyi takwas da suka buga.

Na ɗauki abin da zafi. Kwana uku ina haɗa bayanai a takarda, na tsara cewa kowane ɓangare zai fito da mutum uku, kowa minti biyar, sannan a buɗe fili, sannan ƙuri'a. Na rubuta tambayar da manyan baƙaƙe a allo: A CI GABA KO A BINNE? A lokacin gani nake babu tambayar da ta fi wannan tsabta.

Ban kai minti biyu da buɗe baki ba na zame. Ina gabatarwa sai na ce gasa ce ta ƙungiyoyi 24 da aka raba wa dala miliyan 100. Wani matashi da ke zaune a gaba, irin yaran nan da ke haddace sakamakon wasa kamar karatun allo, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Yallaɓai, a gafarce ni, wancan alkawari ne, ba shi aka yi ba." Gaskiyarsa. Abin da shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) Patrice Motsepe ya sanar a Arusha ta Tanzaniya a watan Agustan 2022, shugaban FIFA Gianni Infantino na gefensa, shi ne ƙungiyoyi 24 da dala miliyan 100, da sunan Africa Super League. Abin da ya zo ƙasa a Oktoban 2023 kuwa ƙungiyoyi takwas ne, an cire kalmar "Super" daga sunan, an yi sili ɗaya ƙwale gida da waje, wanda ya ɗauki kofi ya tafi da dala miliyan 4. Na haɗe sanarwa da aiki wuri ɗaya saboda labaran da na karanta na 2022 ne, ban duba kwanan wata ba. Aka yi mini dariya, na ɗaga wa kaina katin gargaɗi, dariyar ta ƙaru. Amma daga nan duk abin da na faɗa sai in ga ido ya koma kan yaron, ana jiran ya gyaɗa kai. Alƙalin da aka kama da kuskure a mintin farko, sauran wasan da rabin iko yake busa shi.

Masu cewa a ci gaba sun yi magana mai ma'ana. Babban dogaronsu kuɗi ne: ƙungiyar da aka fitar tun zagayen farko ta samu dala miliyan 1 a wasa biyu kacal, wanda ya ci kofin kuma ya samu daidai da abin da zakaran Champions League na Afirka ke samu a lokacin bayan wahalar kaka guda. Ɗayansu ya tuna mana wasan buɗewa na 20 ga Oktoba, Simba da Al Ahly a filin Benjamin Mkapa na Darussalam, fili cike maƙil, aka tashi 2 da 2. Ya ce idan ana so ɗan wasa mai kyau ya daina tattara kayansa yana da shekara goma sha tara, sai an samo masa irin wannan daren da irin wannan kuɗin a gida.

Masu cewa a binne kuwa kalma ɗaya suka riƙe: gayyata. Al Ahly, Espérance, Wydad, TP Mazembe, Mamelodi Sundowns, Simba, Petro de Luanda da Enyimba, babu wadda ta buga wasan share fage ta shigo. Zaɓo su aka yi. Mai maganarsu na biyu ya ce ita ƙwallo daɗinta shi ne ƙaramin kulob ya kwana yana mafarki, ya kawo misalin Kano Pillars da ta fitar da Al Ahly a 2009 bayan 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ya ce a gasar shafaffu da mai, ko ƙofar ba za a nuna wa irin wannan ƙungiya ba, kuma miliyoyin da ake zuba wa manyan nan su ne za su sa lig ɗin kowace ƙasa ya zama na kulob ɗaya.

Nan na yi kuskure na biyu. Wani ya ambaci Super League ta Turai, wadda ƙungiyoyi 12 suka sanar a Afrilun 2021 ta rushe cikin 'yan kwanaki bayan magoya baya sun fito zanga-zanga a Ingila. Kwatance ne mai kyau, sai na bar shi ya ci gaba. Kafin in ankara, 'yan Madrid da 'yan Chelsea sun kama wuyan juna a kan wa ya fara ficewa da wa ya nace, an manta da Afirka gaba ɗaya. Minti ashirin suka tafi a haka. Na busa usur har kumatuna suka yi ciwo.

Wanda ya dawo da mu hanya wani dattijo ne da ba ya cikin jerin masu magana. Baba muke ce masa duka. Ya miƙe a hankali, ya gyara zaman hularsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, goge abin nan da ka rubuta. Wa ka taɓa gani ya binne kofi?"

Sai ya shiga ba mu labarin kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, wanda aka fara a 1977, ana kiransa kofin Janar Eyadema. Rabin ɗakin ba su taɓa jin sa ba. Ya ce Ranchers Bees ta Kaduna ta ɗauke shi a 1989, Bendel Insurance ta ɗauka sau uku a jere daga 1993 zuwa 1995, ASFAN ta Yamai ta ɗauka a 1996. Yana faɗa yana lissafawa da yatsu, muryarsa na ɗan rawa. Ya ce kofin bai mutu a zauren taro ba. Yau ka ji wata ƙungiya ta janye don ba ta da kuɗin tafiya, a ba abokiyar karawarta nasara a kan tebur. Gobe wata ta biyo baya. Bayan 1999 aka yi shiru na kusan shekara goma, aka farfaɗo da shi a 2009, aka buga zuwa 2011, shiru ya sake biyowa. Babu wanda ya tara magoya baya ya ce musu ga ranar jana'iza. Ya nuna allon da sandarsa ya ce, "Wannan naku ma ai ba binne shi aka yi ba. An dai daina saka masa rana."

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuma na ji kunya ta daban da ta farko, domin na gane tambayata ta ba mu ikon da ba mu da shi, kuma ta ɓoye ainihin abin da ke kashe irin wannan gasa.

Wata malama, ɗaya daga cikin mata uku da ke ƙungiyar, ta ɗora da tambayar da har yau nake jin haushin ban zo da ita ba. Ta ce duk wanda ya taɓa tsallaka iyakar ƙasa don ya kalli kulob ɗinsa ya ɗaga hannu. Hannu biyu suka tashi, ɗaya na Baba ne. Ta ce to ga shi: wasan ƙarshe na 2023 an buga na farko a Kasablanka, Wydad ta ci 2 da 1, na biyu a Pretoriya ranar 12 ga Nuwamba, Sundowns ta ci 2 da nema ta ɗaga kofi. Tsakanin biranen biyu akwai fiye da kilomita 7,000, ga biza, ga jirgi. Wane ɗan kallo na gama-gari ne ya je duka biyun? Idan gasar ta talabijin ce, a faɗa a fili, a daina cewa don 'yan kallo ake yi. Ita a ganinta gara kofin yanki, inda mota za ta kai mutum.

A nan ne kaɗai shirina ya yi rana, kuma wannan karon na duba kwanan wata. Na ce mata, "Malama, kusanci kaɗai ba ya riƙe kofi." Na kawo Royal League ta ƙasashen Denmak, Norwe da Suwidin: ƙungiyoyi 12, huɗu daga kowace ƙasa, an fara a 2004. Tsakanin Kopenhagen da Malmo gada ce kawai, jirgin ƙasa ke haye ta. Amma an cusa wasannin a cikin hunturu saboda nan ne kawai jadawali ke da gurbi, mutane suka ƙi fitowa, kuɗi ya ƙi shigowa, bayan kaka uku aka naɗe tabarma a 2007. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "To ashe jadawali ne maganar."

Sai na goge allon kamar yadda Baba ya ce. Na jera abin da babban kulob na Afirka ke bugawa a shekara: lig na gida, kofin ƙasa, Champions League ko Confederation, ga hutun da ake bayarwa don 'yan wasa su tafi wa ƙasashensu. Na tuna musu cewa ita kanta Confederation an haife ta ne a 2004 daga haɗe kofuna biyu, na Cup Winners da na CAF, wato an taɓa rage kaya a baya. Na kuma tuna musu cewa ko a gasar ƙungiyoyi takwas sai da aka kai ruwa rana da masu gudanar da lig ɗin Afirka ta Kudu kafin a matsa wa Sundowns wasanninta na gida. Na ce to ga alli, duk mai son gasar ƙungiyoyi 24 ya zo ya soke abin da za a cire don a ba ta wuri.

Babu wanda ya tashi da farko. Daga baya ɗaya ya zo ya soke Confederation, aka yi masa ca, domin ita ce ƙofar ƙananan ƙungiyoyi. Wani ya soke Champions League ya ce sabuwar ta gaje ta, yaron nan mai haddar sakamako ya ce gasar da ake bugawa tun 1964, wadda Enyimba ta ɗauka a 2003 da 2004, ba za a musanya ta da mai shekara ɗaya ba. Minti goma sha biyar na allin nan sun fi awa guda ta jawabai amfani. Mutum yana iya yin ihu a kan "a ci gaba" har gobe, amma da ka miƙa masa alli ka ce ya biya farashin, sai murya ta sauka.

Duk da haka na dage aka kaɗa ƙuri'a a kan tsohuwar tambayar, don na riga na yi alkawari. Aka samu 12 da 11, huɗu suka ƙi, ciki har da Baba. Na bi layi na tambayi kowa dalilinsa a jimla ɗaya, sai ga shi 'yan ɓangare ɗaya ma ba abu ɗaya suka zaɓa ba. Wani kuɗin yake so, wani ingancin hoton talabijin, wani kawai yana son ya ga Ahly da Sundowns sun sake haɗuwa. Da na rarraba tambayar gida uku, sakamakon ya canza kama. A ƙara kuɗin gasannin Afirka? Kowa ya ɗaga hannu. A shiga da goron gayyata? Mutum uku kacal. A ƙara sabuwar gasa ba tare da an cire komai ba? Biyar. Ashe mutanen da suka yi makonni suna tayar wa juna jijiyar wuya sun fi kusa da juna fiye da yadda su da ni muka zata, tambayata ce ta raba su gida biyu.

An sa zama na gaba a kan kofin yanki. Malama ce za ta rubuta tambayar, yaron zai tace duk wata lamba kafin a karanta ta, Baba kuma an ba shi minti goma na farko ba tare da agogo ba. Ni an bar mini usur. Jan katin ban samu ɗagawa ba ko sau ɗaya, na manta shi a aljihun riga aka wanke da shi, sai na yanko wani.