Abin da aiki a sashen mafitsara ya koya mini game da maza

A sashen cututtukan mafitsara inda nake aikin jinya, da wuya namiji ya zo da ƙafarsa ya ce a duba shi alhali yana jin lafiya lau. Sai fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura ta yi tauri, an kwana ana salati, sannan a ɗauko dattijo a adaidaita-sahu. Mu sa masa roba, fitsari ya zubo, ya sauke ajiyar zuciya ya shiga sa mana albarka. Shi a ganinsa an gama, mu kuwa a lokacin muke fara binciken ko akwai sankara.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu mai girman goro da likitoci ke kira furostet, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi. Idan shekaru suka ja yakan ƙara girma ya matse hanyar, shi ne za ka ji mutum yana tashi sau da yawa cikin dare, ko yana yunƙuri kafin fitsari ya zo. Yawancin wannan kumburin tsufa ne kawai, ba sankara ba. Ita sankarar ta fi tsirowa a gefen ƙullutun, nesa da hanyar fitsari, don haka tana iya shekaru tana girma mutum bai ji komai ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da mutane. Sai a ce, "To ai ba inda ke mini ciwo." Ranar da ciwon zai bayyana kuwa, sau da yawa a baya ne ko a ƙugu, domin wannan sankara ƙashi take nema. Na ga dattawan da aka yi wata da watanni ana yi wa gashi da tausa, ana cewa sanyin ƙashi ne, har ƙafafu suka daina ɗaukar su.

Gwajin farko ba wani abin tsoro ba ne: jini ake ɗiba a auna wani sinadari da ake kira PSA. Hawansa ba hukunci ba ne, domin kumburin tsufa ko ciwon sanyin fitsari ma suna ɗaga shi, sai an cire ɗan tsoka an duba ake tabbatarwa. Inda ake kai ruwa rana shi ne idan likita ya ce zai taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura. Na koyi kada in bari maganar ta zo wa mutum a ba-zata. Nakan rage murya in ce, "Baba, a yi haƙuri, ba ya kai minti ɗaya, kuma daga kai sai likita." Idan aka rufe labule, aka fitar da 'ya'ya waje, akasari sukan yarda.

'Ya'yan nan da muke fitarwa, su ne na fi sa wa ido yanzu. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta haɗarinsa ya ninka, kuma baƙar fata sun fi kamuwa: a Ingila lissafin da ake yi shi ne ɗaya cikin maza 8 zai kamu a rayuwarsa, amma a baƙaƙe ɗaya cikin 4. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi yawa a maza. Shi ya sa ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ke ba baƙar fata shawarar su fara maganar gwaji da likita tun suna shekara 45. Saboda haka idan babban ɗa ya dawo daga biyan kuɗin magani, furfura ta fara fito masa a gemu, nakan tare shi: "Malam, shekarunka nawa?" Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai kamar na yi musu mugun baki. Idan na ga haka nakan kawo musu misalin Desmond Tutu, babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, wanda aka gano tasa a 1997 ya rayu har 2021, da Nelson Mandela da aka yi wa magani a 2001 ya kai shekara 95.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce me za a sha don kada ta kama mutum. Babu. Masu lasifika a tasha da ke haɗa basir da sanyi da ƙarfin maza a jarka ɗaya ba su da shi, kantin magani ma ba shi da shi. Wani babban bincike a Amurka ya gwada ƙwayar bitamin E, sakamakon 2011 ya nuna ƙara haɗarin ma ta yi da kashi 17 cikin 100. Rage teɓa, motsa jiki da barin taba dai suna da amfani.

Tsoron da ba a furtawa shi ne na rasa mazakuta, kuma ba tsoron banza ba ne. Idan cutar ta bazu, maganin shi ne a yanke mata sinadarin namiji da take ci, ko da allura mai tsada ko a cire 'ya'yan maraina, kuma dole sha'awa ta ragu. Wanda aka gano tasa da wuri yana da zaɓi: tiyata, gashi da na'ura, wani ma sa ido kawai ake yi ana maimaita gwaji, tunda wata sankarar tafiyar hawainiya take yi. Idan za a yi irin wannan bayani nakan nemi izinin maigida a shigo da uwargida, domin ita ke riƙe da katin asibiti, ita ke tuna ranar dawowa.