Ɗanyen Nama da Ciwon Cikin Karena

Na shafe kusan wata 6 ina ba karena ɗanyen naman kaza da hanta, domin na yi imanin cewa hakan ya fi dacewa da halittarsa, har zuwa safiyar da na tarar da shi kwance kusa da kwanon ruwansa, yana gudawa mai majina da ɗigon jini, dasashinsa kuma ya bushe har yana manne wa yatsa.

Likitan dabbobi bai yi gaggawar rubuta magani ba. Sai da ya tambaye ni abin da karen yake ci, sannan ya nemi a auna kashinsa, saboda irin wannan gudawa tana iya zuwa daga tsutsar ciki, ko ƙwayar cutar hanji da ake kira Giardia, ko cutar parvo, kuma kowace da hanyar magance ta. Gwajin ya nuna Salmonella. Ya bayyana mini cewa firiza ba ta kashe wannan ƙwayar cuta, hana ta hayayyafa kawai take yi, kuma naman kaza sai zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius kafin a amince da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kare yana iya ci gaba da fitar da ita a kashinsa bayan ya samu sauƙi, alhali yara suna wasa da shi.

An yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo. Yanzu dafaffen nama nake ba shi, likitan kuma ya tsara mini yadda zan cike sinadarin kalsiyam da ya rasa tun da muka daina ba shi ƙashi.