Hotunan 'yan dambe sun fi komai wuyar samu

Tun bayan babbar sallah ni da wasu abokai muke bin gidaje muna neman tsofaffin hotunan wasanni na Kano da maƙwabtanta, waɗanda za a baje a gidan tarihi in Allah ya yarda. Da aka zo rabon aiki sai aka ɗora mini dambe da kokawa, wai don ni jikan mahauta ne.

Abokina da aka ba ƙwallon doki har zaɓe yake yi. Hotunan Sarkin Katsina Usman Nagogo a kan doki da sanda a hannu ba sa ɓuya, haka na gasar kofin Georgian da ake yi a Kaduna. Shi ma ƙwallon bango, wanda Sardauna ya ƙware a kai tun yana Kwalejin Katsina, an ɗauke shi hoto sosai. Mai ƙwallon ƙafa ya samo na Raccah Rovers, waɗanda suka ci gasar lig ta ƙasa a 1978, tun Kano Pillars ba ta zo duniya ba, don ita sai a 1990 aka kafa ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kyamara a wancan zamani tana hannun Turawa da 'yan jarida da masu shagunan hoto na Sabon Gari, kuma inda sarakuna da 'yan boko suke can take zuwa. Dambe kuwa na mahauta ne da manoma, ana yin sa da kaka bayan an kai amfani gida, sau da yawa rana ta yi sanyi ko ma dare ya yi. Wa zai ɓata fim ɗinsa a nan?

Shi ya sa za ka ga dattijo ya haddace kirarin shahararren ɗan dambe Shago kaf, ya san yadda suka kwashe da abokin karawarsa Ɗandunawa, saboda makaɗi Ɗan Anace ya sa su a waƙa kuma rediyo da kaset sun riƙe. Amma ka ce ya kwatanta maka fuskar Shago, sai ya yi shiru.

Hoto mafi daraja da na samu zuwa yanzu wani tsohon mahauci ne ya fito mini da shi daga ƙasan adaka, a naɗe cikin leda tare da takardar gida. Baƙi da fari ne, gara ta ci kusurwa guda. Saurayi ne tsaye, ba riga, hannun dama a ɗaure da zare tamau, na hagu a buɗe a gaba, layu jere a damtse. Abin dariya, bayansa labule ne mai zanen jirgin sama. Ashe ba a fage aka ɗauka ba: bayan ya yi kisa, wato ya kayar da abokin karawarsa, a turmin farko ne abokansa suka raka shi shagon mai hoto, aka sake ɗaura masa hannu don a ɗauka. Na ce, "Baba, wannan wane ne?" Ya ce, "Yaro, kalle ni da kyau." Daga nan ya shiga lissafo mini wanda ya buge, da garinsu, da makaɗin da ya riƙe kalangu ran nan, har da cewa shi ɗan ɓangaren Arewa ne, abokin karawar kuma na Kudu. A bayan hoton babu komai sai hatimin shago da ya dusashe. Da tsohon nan ya riga mu gidan gaskiya, da sai dai mu rubuta "wani ɗan dambe" a ƙarƙashi.

Wannan ne ya sa na daina zuwa da na'urar kwafe hoto kaɗai, nake haɗawa da waya ina naɗar murya. Kuma ba na fita da hoton kowa daga gidansa. Mutane sun sha ba da aro ba a dawo musu da shi ba, suna da gaskiya in sun ƙi. A zaure nake kwafewa, a gaban mai shi, in miƙa masa abinsa. Wanda ya manne da gilashin firam ba na ɓamɓarewa, don fuskar ce za ta bi gilashin. Haka nake ɗaukarsa.

Nan 'yan'uwanmu na Nijar suka fi mu. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin da ake ba zakara, hukuma ta rungumi abin, ana sanin wanda ya ci kowace gasa da jihar da ya fito. Mu namu sai a bakin tsofaffi.

Hoton wasan langa ne har yanzu ban samu ko guda ba. Duk wanda kakansa ya yi dambe, ko kokawa, ko kiɗan 'yan dambe, don Allah ya duba adaka da tsohon album. In an samu, kada a goge da ruwa, kada a rubuta da biro a baya. A kai wa mafi tsufa a gidan ya faɗi sunaye da gari da shekarar da yake zato, a rubuta a takarda daban da fensir. Mako mai zuwa Wudil za ni, an ce akwai wani tsohon makaɗi da ke da hotuna jaka guda.