Kwalbar da ta fashe da tsakar dare, da lemon cittar da nake yi yanzu

Har yau akwai tabo a silin ɗin kicin ɗinmu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Duk baƙon da ya ɗaga kai ya tambaya, maigida ne ke riga ni amsawa: "Aikin gwanar citta ne." Wajen ƙarfe uku na dare abin ya faru. Muka ji tau! kamar an harba bindiga a cikin gida. Da muka kunna fitila sai ga gilashi ya watsu har bakin ƙofa, ruwa mai danƙo na gangarowa daga bango, ko'ina ƙamshin citta. Kwalabe huɗu na jera a kan kanta, ɗaya ta tarwatse, sauran ukun suna tsaye suna jiran nasu lokacin. Da bargo ya lulluɓe su ya fita da su waje, yana tafe yana kau da fuska kamar mai ɗauke da maciji.

Abin da nake ƙoƙarin yi a lokacin shi ne lemon citta mai gas, wanda Turawa ke kira jinja biya, irin wanda kumfarsa daga cikinsa take fitowa. Kayan haɗinsa ba su da yawa: ɗanyar citta, sukari, lemon tsami, ruwa, sai yis ɗan ƙanƙani. Haɗawar kuwa ko yaro zai iya. Inda na faɗi shi ne sanin lokacin da za a ce da shi ya isa haka.

Sai bayan na gama share gilashi na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Yis abu ne mai rai, sukari yake ci, ya fitar da iskar gas da barasa, kusan rabi da rabi a nauyi. Giram 4 na sukari idan yis ya cinye su, suna ba da iska kimanin lita guda. Ni kuma giram 180 na zuba a ruwa lita biyu. Ke nan da na bar shi ya cinye duka, iska wajen lita 45 ce za ta nemi wurin zama a cikin kwalaben da lita biyu kawai suke ɗauka. Kwana biyar na bar su, a lokacin zafi, da murfi a ɗaure tamau. Abin mamakin ma da guda ɗaya ce kawai ta fashe.

Lissafin nan ya amsa mini wata tambayar da Yaya ta yi mini ranar da ta fara jin sunan abin. Ta ce, "Ke, wai biya kike dafawa a gidan mijinki?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba na son a yi mata kwana-kwana. Duk inda yis ya ci sukari, barasa na samuwa. Kumfar da ake bukata a kofi ba ta cin fiye da giram 10 zuwa 12 na sukari a kowace lita, abin da ke barin barasa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Amma idan aka ƙyale shi ya cinye sukarin nan duka, zai kai wajen kashi 5, zaƙin ya tafi, ya zama wani abu dabam da ba shi na nufa ba. Wanda ba ya son ko ɗigo, hanyarsa a buɗe take: ya dafa cittar da sukari ta yi kauri, ya ajiye a firiji, in zai sha ya tsiyaya kaɗan a kofi ya cika da ruwan soda. Haka nake yi wa Yaya, kuma ba ta taɓa rage komai a kofin ba.

Na ɗan ji sanyi a raina da na gano ba ni kaɗai abin ya taɓa ba wa wuya ba. A Ingila aka fara yin wannan abin sha a ƙarni na 18, kuma a kwalaben yumɓu masu kauri ake sayar da shi, a toshe baki a ɗaure toshiyar da zare ko waya don kada ta yi tsalle. Na wancan zamanin yana da ƙarfi sosai, har a 1855 dokar haraji ta ƙayyade kada barasarsa ta wuce kashi 2 cikin 100. Mutanen can suna da wani iri da suke gadon sa gida-gida, ƙwayoyi ne masu santsi kamar jiƙaƙƙen tsaki, suna kiran sa shukar jinja biya alhali ba shuka ba ce. Wani masanin tsirrai, Harry Marshall Ward, ya bincike shi, a 1892 ya bayyana cewa yis ne da wata ƙwayar bakteriya suke zaune tare. Ban taɓa riƙe irin wannan a hannuna ba. Na dai gwada tayar da uwa, wato irin yis na gida, da kaina: gogaggiyar citta da bawonta, cokali guda, sukari cokali guda, a ruwa cikin kwalba a rufe da ƙyalle, kullum a ƙara mata. A kwana na biyar ta fara ƙananan kumfa, na yi ta murna kamar na yi haihuwa. Tana ba da ɗanɗano mai ɗan tsami da yis na burodi ba ya bayarwa, sai dai renonta sai mai haƙuri. Na yi tafiyar mako guda na dawo na tarar ta yi furfura, na zubar. Tun daga nan na koma yis na leda, ban kuma ji kunya ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Citta giram 100, mai nauyi a hannu, wadda fatarta ba ta yamushe ba, idan an karya ta ji ƙas ruwa ya fito. Da bayan cokali nake kankare ta, wuƙa tana tafiya da nama da yawa. In goga ta, in raba uku. Kashi biyu su shiga tukunya da ruwa rabin lita, su tafasa a hankali minti goma sha biyar, in zuba sukari ya narke. Kashi na ukun ɗanye nake matse shi a ƙyalle mai tsabta in ajiye ruwan. Dalili kuwa, sinadarin da ke sa citta yaji, wanda ake kira jinjarol, wuta tana juya wani ɓangarensa ya koma mai laushi da ƙamshi, shi ya sa dafaffiyar citta ba ta cizo kamar ɗanya. Ni ina son duka biyun, ƙamshin a hanci, cizon a maƙogwaro. Ranar da nake jin mugunta har garin busasshiya nake barbaɗawa kaɗan, don ita ta fi su duka zafi.

Sai in tace, in cika da ruwan sanyi ya kai lita biyu, in matse lemon tsami biyu, in zuba ɗanyen ruwan cittar. Ruwan famfo idan yana warin kulorin, tafasa shi nake yi tukuna ya huce. Yis ba ya shiga sai na tsoma ɗan yatsa na ji ɗumi kawai, don ruwan zafi kashe shi yake yi. Kuma kaɗan ne ƙwarai, abin da bai kai kwatan ƙaramin cokali ba. Na taɓa zuba cokali guda cur, wai don ya yi sauri, abin ya fito yana warin ƙullun burodi, ko maigida da ba ya mayar da abin sha sai da ya ajiye kofin.

Gilashi kam mun rabu. Robar lemon kwalba nake wankewa tas, irin wadda dama an yi ta don ta riƙe gas, in bar sarari kamar yatsu huɗu a sama, in ɗan matse ta kafin in ɗaure murfi har gefenta ya loɓa. Daga nan robar ce ke ba ni labari. Bayan wasu awanni loɓawar za ta miƙe. Can kuma in danna da babban yatsa in ji tana turo ni. Da zarar ta yi tauri kamar sabuwar da ba a buɗe ba, sai firiji, ko da tsakar dare ne. Kar a bi agogo: lokacin zafi na ga ta yi tauri cikin awa goma sha biyu, lokacin sanyi ta kai kwana biyu tana jan ƙafa. Sanyin firiji ma rage wa yis gudu kawai yake yi, bai kashe shi ba, saboda haka kullum nakan ɗan sassauta murfin ya yi tsss in mayar, kuma ba na barin sa ya wuce mako.

Buɗewar ma da dabararta. A kan wurin wanke-wanke nake tsayawa, in murɗa kaɗan, in ga kumfa ta taso in mayar, ta kwanta in sake. Wani lokacin sai na yi haka sau biyar. In tsiyaya a hankali don farin gari da ya kwanta a gindin robar ya tsaya a can. Launinsa gajimare-gajimare ne, kumfarsa ƙanana, tana tsalle tana taɓa hanci kafin kofin ya kai baki, sannan zafin ya biyo baya ya zauna a ƙirji.

Jiya da daddare na haɗa wani. Na riga na kwanta na tuna ban danna robar ba, na tashi a hankali na laluba kicin cikin duhu. Ta yi tauri kuwa. Ina rufe firijin na ji muryar maigida daga ɗaki, cikin barci: "Roba ce dai ko?"