Abin da RX-7 ta koya mini game da mai da iska

Sai da na shekara huɗu a gareji kafin maigidana ya bar mini mota mai injin rota in yi mata aiki ni kaɗai. Mazda RX-7 ce, samfuri na uku da ake ce wa FD, mai injin 13B-REW. Mai ita ya cire ƙananan turbo biyun da ta zo da su, masu hura wa injin iska, ya sa babba guda ɗaya, iska ta yi yawa, man da injektocin asali ke fesawa ya daina isarta. Aikina shi ne in sa manya, in daidaita mai da iska a ƙwaƙwalwar motar. Na ce a raina yini biyu ya ishe ni.

Wanda ya saba da fistin, injin nan da Felix Wankel na Jamus ya ƙirƙiro sai ya rikita shi. Ba fistin, ba bawul. Rota biyu ne masu kusurwa uku-uku, kowace tana juyi a cikin gidanta, kuma a bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe mai kaurin milimita 2, shi ne sil ɗin da ke riƙe matsi. Injin fistin in mai ya yi masa kaɗan yakan yi ƙara ya ja maka kunne, wani lokacin ma ya yafe maka. Rota ba ta san yafiya ba. Wuta ta tashi ba a kan lokacinta ba ko sau ɗaya ne turbo na cikin hurawa, sil ya tsage.

Kowace rota injekta biyu gare ta: ƙarama mai fesa cc 550 a minti ɗaya, wadda ke aiki kullum, da babba mai cc 850, wadda ba ta shigowa sai an taka totur sosai. Lissafin da ya fara buɗe mini ido shi ne na lokaci. Kowace rota tana ba da wuta sau ɗaya a kowane zagayen shaf, don haka in injin na zagaye 8,000 a minti, kashi 7.5 cikin 1,000 na daƙiƙa kaɗai injekta ke da shi ta buɗe, ta fesa, ta rufe. Injin fistin yana da ninkin wannan. Shi ya sa masu sana'ar ba sa son injekta ta zauna a buɗe fiye da kashi 85 cikin 100 na lokacin.

Kuskurena na farko mai sauƙi ne. Na canza ƙananan ban gyara ɗan jinkirin da injekta ke yi kafin ta buɗe ba, wanda ke sauyawa da ƙarfin batir. Mota ta ƙi tsayuwa a silo, fulogi suka jiƙe sharkaf. Yamma ɗaya na gyara.

Na biyun ne har yau yake ci mini rai. Manyan injektocin da mai motar ya kawo na hannu ne, an ciro su daga wata motar. Na duba, ba tsatsa, ba yoyo, na ɗaura. Fetur yana ƙonewa ƙurmus ne in iska kashi 14.7 ta haɗu da mai kashi 1, amma rota mai turbo ba a kai ta nan in tana cikin ja. Wajen 11 ake riƙe ta, don ragowar man ya sanyaya ɗakin wuta. Na bi teburin mai da ke ƙwaƙwalwar motar gida-gida, har agogon awon haɗin iska da mai ya zauna a kan 11 daram. Daɗi ya kama ni. A gwaji na uku, a giya ta uku, sai na ji ta ɗan shaƙe, ƙarfi ya zube, salansa ta koma wani irin gurnani mai ɗingishi.

Maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire fulogi, ya ce in juya injin. Rotar gaba ta yi fuf, fuf, fuf, ɗaya daga kowace fuska cikin fuskokinta uku, daidai wa daida. Ta baya ta yi ɗaya mai ƙarfi, biyu kamar numfashin mara lafiya. Sil ɗaya in ya karye fuska biyu yake kashewa, tunda shi ne katangar da ke tsakaninsu.

Ya ce, "Kai, ka auna injektocin nan kafin ka ɗaura?"

Na ce, "Oga, agogo 11 yake nunawa tun farko har ƙarshe."

Ya ce, "Sensa nawa ka sa?"

Ɗaya ce, a bayan turbo, inda hayaƙin rota biyun ya riga ya gauraya. Ya ɗora injektocin a na'urar gwaji, kowace ta fesa cikin kwalbarta mai ma'auni. Ba sai an karanta lamba ba, ido ma ya ga ta baya ba ta cika kwalba kamar 'yar'uwarta. Datti ya toshe 'yar matatar da ke bakinta. Ashe rotar gaba mai ya yi mata yawa, ta baya tana fama da ƙishirwa, agogo kuwa ya haɗa su ya raba biyu ya miƙo mini lambar da nake son gani. Garin gyaran gira na rasa ido. Gutsuren sil ɗin kuma da zai fita sai da ya ɓantare fukafukan turbo.

Ban da wannan ma agogon yana da wata ƙaryar: in fulogi ya ƙi ba da wuta, iskar da ba ta ƙone ba takan sa ya nuna mai ya yi kaɗan, ka yi ta ƙara mai alhali shi ne ya yi yawa.

Da muka sake haɗa injin, kowace rota na sa mata sensar zafin hayaƙi tata, na sa kwamfuta tana rubuta matsin mai, don in ga ko famfo na biye da turbo in ta hura. Na fara da iska kaɗan da mai da yawa, ina ragewa sannu-sannu, na fi daɗewa a daidai gaɓar da manyan injektoci ke shigowa. Aikin yini biyu ya ci mako biyar. Gutsuren sil ɗin yana cikin akwatin sifanuna, bai kai ƙumbar ɗan yatsa ba.