Yadda na nemo wa 'yata mai raino da zan koma aiki

Hutun haihuwata na dab da ƙarewa na fara neman inda zan riƙa barin 'yata, lokacin ko wata shida bata kai ba, nono zalla take sha. Na leƙa gidajen raino, na zauna da masu rainon da ke zuwa gida, kuma gaskiya fenti da kayan wasa da hotunan bango sune suka fi jan ido amma basu gaya min komai ba. Abinda ya raba min gardama shine manya nawa ne akan yaran, sannan me babbar take yi idan yaro ya ɓare baki.

Toh ki fara da ƙirga, da idonki, ba abinda aka faɗa miki a ofis ba. A Ingila doka ce, yara 'yan ƙasa da shekara 2 babba ɗaya ga yara 3 ne, kuma da kin tsaya a ɗakin jarirai zaki gane dalili, mace hannu biyu gareta, in ɗaya na kuka ɗaya ya ɓata famfas ɗaya na neman abinci shikenan ta cika. Akwai inda na shiga, waje tsaf wallahi ga ƙamshi, amma jariran sun fi ƙarfin matar, sai naga ta jingina wa wani fida da filo ya sha da kansa ta wuce wajen wani. Ban ga laifinta ba, yawa ne ya mata, amma yaro na iya ƙwarewa a haka ba mai gani. Daga nan na cire wajen a raina.

Abu na biyu, nakan koma ba tare da na sanar ba, musamman da rana lokacin da kowa ya gaji. Duk wajen da akace sai kin kira kafin kizo, ko ki tsaya a get a miƙo miki yarinya, ni dai ban yarda dashi ba. Wadda na ɗauka a ƙarshe, na sameta zaune a ƙasa tana rarrashin wani yaro, tana masa magana tana kiran sunansa, bata ma ankara da shigowata ba, waya kuma na can cikin jaka. Talabijin a kashe, wannan ma ya min, dan Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 tace ɗan ƙasa da shekara 1 kada a zaunar dashi gaban allo kwata-kwata.

Maganar bacci nan na fi tsanantawa. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bada shawarar a daina kwantar da jariri rub da ciki, kuma har yau abinda ake cewa shine rigingine har ya shekara, akan katifa mai tauri, ba filo ba bargo mai kauri ba 'yar tsana, saboda mutuwar nan ta farat ɗaya da ke ɗaukar jarirai cikin bacci. Jaririn da ya saba rigingine a gida in aka kifa shi a wajen raino hatsarin ma ya fi yawa. Dan haka ban tambaya "kina kwantar dasu rigingine?" ba, kowa eh zai ce. Cewa nayi ta nuna min yadda take kwantar dasu da inda suke kwana. Na kuma tambayeta kai tsaye me take yi da yaron da ya ƙi bacci ya ƙi shiru, saboda abu biyu nake tsoro, a ɗura masa maganin mura dan ya yi bacci, ko rai ya ɓaci a jijjiga shi, wanda ke iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Tace in ta ji ta gaji tana ajiye shi a gadonsa ta kira abokiyar aikinta. Amsar ta kwanta min sosai, dan bata yi kamar ita bata gajiya ba.

Sauran abubuwan dubawa na bi su da sauri. Na leƙa banɗaki ko an bar bokiti da ruwa, yaro mai rarrafe ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Na duba soket, da inda ake ajiye magani da sabulun wanki, da ko ana wanke hannu bayan canza famfas. Nonon da nake tatsa muka yi magana, kada ya wuce awa 4 a waje, kwana 4 a firji, da sunanta a jikin kwalba. Na tambaya wa ya iya taimakon gaggawa in yaro ya ƙware, ana duba katin riga-kafi, mai zazzaɓi ko gudawa ana maida shi gida ko ana haɗa shi da sauran.

Na karɓi lambar iyayen da suka taɓa barin yaransu, har da waɗanda suka cire, na kira su, kuma na tambayi shekara nawa ma'aikatan suka yi suna aiki a wajen, dan inda ake canza masu raino kullum yaro baya samun wadda zai saba da ita. Satin farko ɗan lokaci kaɗan nake barinta ina ƙarawa a hankali. Kukan rabuwa da safe bai dameni ba, ƙiwa ce, abinda nake lura shine ko tana miƙa wa matar hannu, ko jikinta da wani tabo da ba'a min bayani ba, ko tana dawowa da baccin da ya wuce misali. Sannan muka rubuta a takarda sunan mutanen da aka yarda su ɗauketa, in ba su ba ko waye yazo sai an kirani tukuna.