Fai ɗin tuffa da nake jira hunturu kafin in gasa

Fai ɗin tuffa abincin mutanen Ingila ne tun asali, kuma a can na koyi yin sa, a shekarun da na zauna karatu a Nottingham, a hannun wata dattijuwa maƙwabciyata wadda ke da bishiyar tuffa a bayan gidanta. Idan watan Satumba ya kama, bishiyar takan yi 'ya'ya har su fi ƙarfin mai ita, sai ta riƙa cika jaka tana ajiye mana a bakin ƙofa. Irin tuffar da ake kira Bramley ce, manya, koraye, masu tsamin da ba a gatsa su ɗanye ba tare da an yamutsa fuska ba. A Southwell, wani ƙaramin gari da ba shi da nisa da Nottingham, aka samo wannan iri, daga ƙwayar da wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka a 1809, don haka mutanen yankin suke ji da ita kamar yadda Kanawa suke ji da gurasa. Shi kuwa fai ɗin ya girmi wannan iri nesa ba kusa ba, domin akwai bayanin yadda ake haɗa shi a rubuce-rubucen girki na Ingila tun ƙarni na 14, lokacin da ake haɗa tuffar da ɓaure da busasshen inabi da kayan ƙamshi, ba a ko ambaci sukari ba.

Ranar da na fara gasa shi bayan na dawo gida Kano, Umma ta leƙa kwanon ta ce, "Wannan kuma wane irin mit fai ne da babu nama a ciki?" Tambayar tana kan hanya, domin dangi ɗaya ne da mit fai ɗin da muka sani: ɓawon fulawa a ƙasa, wani a sama, haɗi a tsakiya. Amma wannan kamar ce ta yaudare ni, domin hannun da ya saba da kwaɓin mit fai shi ne yake ɓata na tuffa.

Awon kwaɓin ba shi da wuyar riƙewa, wato fulawa giram 300, bota giram 200, ruwan ƙanƙara kimanin mililita 100, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A mit fai mukan murtsuke bota a cikin fulawa har ta ɓace, garin ya koma kamar tsaki, sannan mu luda kwaɓin sai ya yi santsi. A nan akasin haka ake so. Ana yanka botar ƙanana tana da sanyi ƙarara, a zuba a fulawa, a riƙa latsawa da kan yatsu kaɗai, a tsaya tun gutsattsarinta suna nan kamar ƙwayar wake. Dalili shi ne bota ta gaskiya tana ɗauke da ruwa kusan kashi 16 cikin 100, kuma idan waɗannan gutsattsarin suka shiga zafin obin a daskare, ruwan yakan zama tururi ya ɗaga kwaɓin ya raba shi hawa-hawa, abin da ke sa ɓawon ya riƙa ɓarɓashewa a baki. Ruwan ƙanƙarar kuma cokali-cokali ake yayyafa shi har garin ya soma haɗa kansa, sai a dunƙule shi gida biyu, a naɗe a leda, a sa a firiji na awa ɗaya. Yawan juyawa yana ta da danƙon da ke cikin fulawa, kuma danƙo a burodi ake neman sa, ba a nan ba.

Abin da dattijuwar nan ba ta taɓa buƙatar gaya mini ba, saboda ɗakin girkinta kullum a sanyaye yake, shi ne bota tana narkewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 32 zuwa 35. Gwajina na farko a watan Afrilu na yi shi, da tsakar rana, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. Kafin in gama murza kwaɓin botar ta zama mai, tana naso a kan tebur, kuma abin da ya fito daga obin ya yi taurin da sai da aka sa ƙarfi kafin wuƙa ta shige shi. Tun daga nan na mayar da shi abincin hunturu. Nakan yi kwaɓin bayan sallar asuba a watan Disamba ko Janairu, in sa fulawar kanta a firiji tun dare, in kuma murza da kwalbar da na cika da ruwan sanyi. A kula kuma da abin da ake saye, domin yawancin abin da muke kira bota a kasuwa ba daga madara aka yi shi ba, man ganye ne da aka daskarar, kuma ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne. Soyayyen man shanu ma ba ya yi, tun da suyar ta riga ta kore ruwan da ake buƙata. Wanda kuma zai sayi fai a ƙasashen Turawa ya riƙa tambaya, saboda tsohon salon kwaɓinsu akwai kitsen alade a ciki.

Bramley ba ta zuwa kasuwanninmu, don haka nakan nemi korayen nan masu tsami da ake kira Granny Smith, waɗanda asalinsu daga Ostireliya ne, daga gonar Maria Ann Smith kusa da Sydney a 1868. A gaskiya na fi son su a fai, domin Bramley tana narkewa ta koma kamar fate, su kuwa suna riƙe jikinsu bayan gashi. Nakan ɗauki kilo ɗaya, wato shida ko bakwai, in haɗa da jajaye guda biyu saboda zaƙi, in feraye, in cire ƙwayar, in yanka fale-fale, in matsa lemun tsami a kai don kada iska ta sa su yi duhu. Sai in zuba sukari giram 100, kirfa ƙaramin cokali ɗaya da ɗan gyaɗar ƙamshi, in bar su rabin awa. A wannan zama tuffar takan fitar da ruwa mai yawa, kuma ruwan nan ne yake jiƙa ƙasan fai ya bar shi ɗanye. Maimakon in zubar, nakan tsiyaye shi a ƙaramar tukunya in dafa har ya yi kauri kamar zuma, in mayar a kan tuffar tare da babban cokali biyu na sitacin masara.

Sauran aikin ba ya ɗaukar lokaci. A shimfiɗa kwaɓi ɗaya a kwanon gashi, a tula tuffar ta yi tudu a tsakiya domin za ta sauka, a rufe da ɗayan, a danne baki da cokali mai yatsu, a tsaga saman wuri uku ko huɗu don tururi ya samu mafita, a shafa ƙwai. Ana farawa da zafin digiri 200 na minti 20, sannan a rage zuwa 180 na kusan minti 40, har sai an ga romon yana tafasa yana leƙowa ta tsagun.

Inda nake shan fama da mutanen gida shi ne jira, domin ƙamshin kirfa yakan cika gidan tun hantsi, alhali fai ɗin yana buƙatar awa uku ko huɗu kafin romon ya kama jikinsa, kuma idan aka yanka da zafi sai ya malale a faranti. Saboda haka nakan ɗora shi a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa, sai bayan la'asar a sauko da shi a sha da shayi. A hunturun da ya wuce Umma ta ci yanka biyu, ta tsince ɓarɓashin ɓawon da yatsa, sannan ta ce, "Uwata, in kin tashi yin na gaba, ki ƙara masa citta kaɗan."